Murya Ɗaya Ko Teyatur? Musun Fadarmu Kan Almarar Kimiyya Ta Kunne

Ƙanena da abokansa uku sun rubuta labari. Wani mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye arewa da Zinder, ya yi gaba goma sha biyu cikin ƙasa bai ga danshi ba, sai daginsa ya bugi wani abu da ya amsa kamar tasa. Daga ranar duk wanda ya leƙa rijiyar sai ya ji murya tana maimaita lamba guda, kullum gari ya waye lambar ta ragu da ɗaya. Ranar farko arba'in ce. Kashi goma suka tsara, kowanne minti ashirin. Kyamara ba su da ita, kuma ko an ba su aro, wa zai ƙera musu kumbon da zai sauka a kashi na bakwai? Sai suka yanke na kunne za su yi, a riƙa turawa ta WhatsApp. A nan kai ya rabu. Biyu suka ce mutum ɗaya ya karanta, yadda ake karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo da YouTube. Biyu suka ce a ba kowa bakinsa a yi teyatur sosai, da ƙarar dagi da kukan jaki da komai.

Da suka kasa daidaitawa sai suka ɗauki kashi na farko iri biyu, suka kawo mana fada a Garin Malam, tunda mu bayan isha'i ba mu da sana'a sai shayi da musu. Mako uku muna saurare, muna ba wasu su saurara. Na san ba su kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da kunnuwa suka ce.

Almarar kimiyya ta daɗe da samun masauki a rediyo. Ranar 30 ga Oktoban 1938 Orson Welles ya yi wasan mamayar mutanen duniyar Mars a gidan rediyon CBS na Amurka, har yau ana zancensa. A Ingila, labarin barkwancin sararin samaniya na Douglas Adams, wanda daga baya ya zama littafi da fim, a rediyon BBC ya fara a 1978. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen: Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum wata. In kuma teyatur na rediyo ake magana, Damagaram ba ta bin bayan kowa a Nijar. Iyayenmu sun tashi da ƴan wasan gidan rediyon Zinder da sunaye irin su Yazi Dogo, mu kuma muka tarar da Ji Ka Ƙaru na DW. Kunnen ɗan Zinder horarre ne.

Sai dai a kan me aka hore shi? Shari'a gaban alƙali, rikicin kishiyoyi, cinikin kasuwa, maigida ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Ka ji taɓarya ka ga turmi. Ka ji sallama da ƙarar ƙyauren kwano ka ga zaure. Sautin na aiki ne don ido ya riga ya ga abin sau dubu. Almarar kimiyya kuwa sana'arta kawo abin da ba wanda ya taɓa gani, kuma a minti na shida muka ga yadda wannan ke raba hanyoyin biyu.

A na teyatur, yaran sun sha wuya kan ƙarar abin da ke cikin rijiya. Sun ɗauki gurnanin firijin wata butik, suka rage masa gudu a kwamfuta, suka haɗa da ƙarar tasa ana zagaya bakinta da cokali. Na saurara da abin kunne biyu tsakar dare, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Amma a fada, salula aka ajiye kan tabarma kusa da mangal. Da aka iso wurin, mai dafa mana shayi ya ɗago ya ce wa ƙanena, "Ɗan'uwa, salularka ruwa ta sha?" Wani ya ce injin niƙa ne a maƙwabta. Gurnanin da suka kwana uku suna gyarawa bai fito ba sam, domin ƴar lasifikar salula ba ta iya fitar da sauti mai kauri, cokalin kawai ya tsira. A na murya ɗaya kuwa mai karatu cewa ya yi, "Ba a kunne yake jin ƙarar ba, a haƙora yake jin ta, kamar ya tauna tsakuwa cikin shinkafa." Fada ta yi tsit. Ba firiji, ba kwamfuta.

Ɗaya daga cikin yaran ya kafa hujja da Turawa. Ya ce kamfanin Big Finish na Ingila tun 1999 yake fitar da wasannin kunne na Doctor Who da cikakkun ƴan wasa, masoya na saye, kuma galibi ba mai karatu a tsakani. Gaskiyarsa, amma ya manta abu guda. Shirin a talabijin ya fara tun 1963. Ƙarar akwatin da jarumin ke tafiya a ciki, wadda wani ma'aikacin sashen sauti na BBC ya samo ta hanyar goga mukulli kan wayoyin tsohon piyano, masu kallo sun fi shekara ashirin suna jin ta suna ganin akwatin na bayyana. Ranar da aka koma na kunne ba hoto, ƙarar ta riga ta zama kalma a wurinsu. Masu sauraron ƙanena ba su gaji wannan ba. Duk sabuwar ƙara sai an biya musu ita kamar baƙi a allo.

Teyatur yana da hanyar biyawa, sai dai mai santsi ce: a sa ɗan wasa ya faɗi abin da yake gani. A gwajin farko akwai inda wani ya ce, "Kai, ku dubi wannan ƙarfe mai launin toka, mai faɗin faifai, da ke walƙiya a gabanmu!" Aka kwashe da dariya. Wa ke faɗa wa na kusa da shi launin abin da su biyun ke kallo? Ɗan kabu-kabun cikinmu ya ce wannan ai ɗan jarida ne aka saka cikin wasa. Abin da ya burge ni, maganin yana cikin labarinsu ba su lura ba. Mahaƙi yana ƙasa, mai riƙe igiya yana sama. Na sama ba ya gani, dole ya tambaya: "Baba, me ka tarar?" Na ƙasa dole ya kwatanta, kuma da kalmomin da ya sani zai kwatanta: ya fi faifai faɗi, sanyi gare shi kamar randa, dagi ba ya cin sa. Da suka sake ɗaukar wurin a haka, ya zama mafi kyau cikin duk abin da na ji, kuma murya ɗaya ba za ta kamo shi ba, domin tsoron yana cikin jinkirin amsar da ke tasowa daga ƙasa. A kira, shiru. A sake kira. Mai karatu zai ce maka "ya yi shiru na ɗan lokaci", teyatur kuwa zai bar ka kai da shirun. Saboda haka wanda ke son teyatur ya fara duba labarinsa: akwai dalilin da zai sa wani ya riƙa faɗa wa wani abin da yake gani? Duhu, nisa, makanta, waya, rijiya. In babu, zai cika wasansa da ƴan jarida.

Akwai kuma matsalar da Baturen Ingila bai santa ba. Ka ce wa Bahaushe murya na fitowa daga rijiya, ka gama magana, aljani ne. Yaran kuma suka ƙara wa Borno dawaki, suka sa wa muryar amsa-kuwwa irin wadda finafinan Hausa suka saba sa wa mutanen ɓoye. Innarmu, ƙanwar mahaifiyata da ke Birni, na ba ta na teyatur ta saurara tana tsinke zogale. Ta ce wasa ya yi daɗi, amma me ya hana su kiran malami tun farko a yi tofi a rufe rijiyar? Na ce, "Inna, ai na'ura ce daga wata duniya." Ta ce, "To su ɗin ma ai wata duniyar gare su." Ban sami abin cewa ba.

Labarin aljanu yana da masu so, har da ni. Amma in ka nufi almarar kimiyya aka karɓe ta a matsayin labarin iskoki, ranar da kumbo ya sauka mai saurare zai ji an yaudare shi. Wani mushe, wato malamin makaranta, mai koyar da kimiyya a lise, da kan zauna da mu jefi-jefi, shi ya fi kowa fayyace bambancin. Ya ce aljanin labari ba ya bin ƙa'idar da za ka auna, na'ura kuwa dole ta bi. In muryar na rage lamba ɗaya kullum, to wani a cikin labarin ya ɗauki gawayi ya riƙa rubutawa a bango, ya lissafa ranar da za ta kai sifiri, ya rufe bakin rijiyar da tabarma ya ga ko za ta daina, ya saurara da safe da dare ya ga ko ƙarfinta ɗaya. Da zarar mutanen labari sun fara awo, mai saurare ya san ba gidan boka aka nufa ba. Murya ɗaya ta fi samun sauƙin wannan, don mai karatu na iya shiga cikin kan mutum ya nuna shi yana lissafi. A teyatur sai an kafa mutum biyu, mai cewa aljani ne da mai cewa a'a mu gwada. In aka iya kafa su ya fi armashi, domin musunsu shi ne wanda mai saurare ke yi da zuciyarsa. Ko wace hanya aka bi dai, a cire amsa-kuwwar nan. Muryar da ba ta numfashi, ba ta hawa ba ta sauka, ta fi ban tsoro, ta kuma fi kama da na'ura.

Mushen nan shi ne wakilin masu saurare da jan biro a hannu. Shi ya ce kada ya kuskura ya ji rugugin kumbo a sararin samaniya, domin inda ba iska sauti ba ya tafiya. Shi ya ce in za su sa wani ya yi magana da Mars, su tuna saƙo na ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke, don haka ba zancen "alo, kana ji na?" Ya ba su labarin motar bincike Perseverance da ta sauka a Mars a Fabrairun 2021 ɗauke da makirufo: a can sauti na tafiyar kusan mita 240 a daƙiƙa, a nan kusan 340, kuma a dushe yake fitowa. Ya ce in baƙon sauti kuke so, ku rage, kada ku ƙara. Da wani ya ce ai dutse daga wata duniya a ƙasar Nijar tatsuniya ce, mushe ya tuna masa dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadez a Nuwamban 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Irin su mushe ba su da yawa, amma bakinsu ke tallata shiri ko ya kashe shi. Na kuma lura ƙorafinsu duk kan teyatur yake sauka, saboda shi ne dole ya cika kowane wuri da sauti. Mai karatu in ya ce "can shiru ne", ya wuce lafiya.

Ƙorafin Inna na biyu ya fi na farko amfani. Ta ce ta kasa gane wa ke magana. Samari huɗu sa'o'in juna, unguwa ɗaya, lafazi ɗaya, a kunne kamar mutum ɗaya ne ke musu da kansa. Tsohon mahaƙin yaro ne ya shaƙe murya, matarsa kuma wani ne ya toshe hanci. Tsofaffin ƴan teyatur na rediyo sun san wannan sirri: mutum na buɗe baki ka san alƙali ne ko ɗan kasuwa ko tsohuwa, tun bai kai ƙarshen magana ba. In ba ka da tsoho na gaske da mace ta gaske da yaro na gaske, wasanka ruɗani zai zama. Ɗan kabu-kabu ma ya kawo nasa. Shi da kunne ɗaya yake saurare, ɗayan na titi ne. Yaran kuwa sun raba sautin, na bakin rijiya a dama, na ƙasa a hagu. Ya ce tun daga Kasuwar Dole har Sabon Gari yana jin "Baba, me ka tarar?", Baba bai amsa ba ko sau ɗaya.

Kada a ce na ɗaure wa murya ɗaya gindi, ita ma na ga inda take yoyo. Minti ashirin na "sai ya ce", "sai ta ce" gyangyaɗi yake kawowa, balle bayan tuwon dare. Mutum biyu sun yi barci a fada kafin a kai ƙarshe, a na teyatur kuwa ba wanda ya runtsa, ko don dariya. Duk nauyin a wuyan mutum ɗaya yake. In muryarsa ba gishiri, in yana karatu kamar mai sanarwar rasuwa, ba rubutun da zai cece shi. Samari kuma sun raina ta. Ɗalibai uku da aka ba su duka biyun sun ce na karatu na mata ne, irin littattafan soyayya da ake saurare ana wanke-wanke, su abin da zai cika musu kunne kamar fim suke so. Raini ne marar tushe, amma mai fitar da shiri ya san da zamansa. Sannan na karatu sau ɗaya ake jin sa, an san labari an wuce. Wurin rijiyar nan na teyatur kuwa sau biyar aka sa a maimaita shi a dare ɗaya, har yaran unguwa suka ɗauki "Baba, me ka tarar?" suna jefa wa duk wanda ya leƙa tukunya. Abin da yara ke kwaikwaya a titi shi ke kai shiri inda mai shi bai taɓa zuwa ba.

An kawo shawarar a ba na'ura karatun, tunda yanzu akwai masu maida rubutu murya. Sun gwada ɗaya. Ta iso inda aka rubuta "fari ya yi tsanani a shekarar", ta faɗe shi da karin farin launi. Aka kashe ta.

Yanzu maganar wahala, wadda mai saurare ba ya gani amma ita ke yanke hukunci. Kashi mai minti ashirin yana cin kalmomi wajen 2,500 zuwa 3,000. Mai karatu ya shiga ɗaki, ya jingina katifa a bango, cikin awa ɗaya da rabi ya gama har da gyaran tuntuɓen harshe, yammaci ɗaya ya isa a tace. Na teyatur mutum shida ya nema, kuma tara mutum shida a ɗaki ɗaya ya fi haƙar rijiyar wuya. Wannan yana da jarrabawa, wancan an aike shi Matamaye, yarinyar da aka samo daga baya don ta yi matar mahaƙi ba a barin ta fita bayan magariba. Ranar da aka haɗu, aka ɗauke wuta. Ranar da wuta ta zauna, dole a kashe fanka don makirufo na kama ta, a watan Afrilu, zafi ya haura 40, mutum shida a kulle cikin ɗaki mai rufin kwano. Ɗakin ma amsawa yake yi. Sai da suka koma wani tsohon soron ƙasa a Birni mai kaurin katanga sannan sautin ya zauna. Ga zakara, ga babur, ga ƴan ga-ruwa, ga kiran salla da dole a dakata. Tacewa a manhajar gyaran sauti Audacity, wadda ko dala ba a biya, ta ci musu kwana goma sha ɗaya. Kashi ɗaya ke nan cikin goma.

Sai nauyin abin a salula. Murya kaɗai, a MP3 mai kilobit 64, tana cin kusan rabin mega a minti, wajen mega 10 ke nan a kashi. Teyatur mai raba dama da hagu kilobit 128 yake so, ya kusa mega 20. Akwai lokacin da WhatsApp ke tsayar da sauti a mega 16, abin da ya haura sai a tura shi a matsayin fayil. Ga mai sayen forfen intanet na kwana ɗaya, bambancin 10 da 20 har sau goma ba wasa ba ne. Da yawa dai ta Xender ko Bluetooth za su karɓa, ko wurin masu zuba waƙoƙi a kart memwar, amma dole wani ya fara saukewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutuwar shiri a hanya. Duk mai saurare ya san zafin labarin da ya maƙale a kashi na uku. Almarar kimiyya ta fi kowane labari cutuwa da haka, domin da bashi take farawa: ta ce maka akwai amsa, ka jira. Murya ta faro daga arba'in, in shiri ya mutu tana ashirin da takwas an zalunci mutane. Mai karatu ɗaya ko Yamai ya koma yana iya ɗauka ya turo. Teyatur kuwa in mai yin mahaƙi ya yi tafiya, ko ya yi fushi, ko aka yi wa yarinyar aure, sai dai a kashe mutum a labari ko a sauya murya, kuma kunne ba ya yafe sauyin murya.

Ana tsakiyar wannan musu hanya ta uku ta ɓullo, ita ce kuma na fi karkata gare ta: murya ɗaya, amma ta wani da ke cikin labarin, yana magana da wani don wani dalili. Shirin Amurka Welcome to Night Vale da ya fara a 2012 da haka ya yi suna, mai gabatarwa ɗaya a gidan rediyon wani garin hamada na ƙage yana karanta sanarwoyi. Mu abin da ya fi kama da rayuwarmu saƙon murya ne. Mai riƙe igiya yana aika wa yayansa da ke ci-rani a Libiya: "Yaya, ka ji abin da ya faru yau." Nan take "sai ya ce" ta ragu. Dalilin kwatance ya samu, tunda yayan ba ya nan. Babur da zakara sun zama ado, rashin ingancin salula ma ya zama daidai da labari. In an zo wuri mai zafi sai ya ce, "Bari in sa maka ka ji da kunnenka," ya zura salula cikin rijiya, teyatur na minti uku ya shigo da murya biyu.

Sai dai hanyar tana da ƙaya. Welles ma rigar labaran gaggawa ya sa wa wasansa, wasu suka ɗauka gaske ne, ko da yake masu bincike sun nuna daga baya cewa jaridu sun zuzuta firgicin. Shi a rediyo ne, akwai mai sanarwa da ke faɗin cewa wasa ne. Saƙon murya kuwa yanke shi ake a tura shi tsirara. Kun san garinmu. Kafin azahar ya zaga ƙungiyoyi hamsin cewa an ji murya a rijiya, kafin la'asar wani ya rantse ƙanin matarsa ya gani da idonsa. Wanda zai bi nan ya faɗi sunan shirin da cewa ƙage ne, a farko da tsakiya da ƙarshe. Ya shimfiɗa ɗan kiɗa ƙarƙashin wuraren da suka fi kama da gaske. Kada ya ambaci ƙauye na gaske, kada ya kwaikwayi taken wani gidan rediyo ko muryar wani jami'i.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? In kai kaɗai ne ko ku biyu, kayan aikinku salula, labarinku kuma cike da abubuwan da sai an yi bayani, wata duniya, wani zamani, wata na'ura, ku ɗauki murya ɗaya, ku sa ta a bakin wani na cikin labarin, ku nemo wanda in yana ba da labari a fada ba a katse shi. In kuwa kuna da ƙungiya tun asali, irin masu teyatur na makarantu da gidan matasa, da tsoho da mace da yaro, da mai tacewa da ba ya gajiya, labarinku kuma a ƙasa yake, baƙon abu ɗaya ne ya faɗo cikin rayuwar da kowa ya sani, ku yi teyatur ɗinku. Amma ku rage kashi zuwa minti goma ko sha biyu, kada murya ta wuce uku a wuri ɗaya, ku haɗe dama da hagu, kuma kafin ku saki komai ku saurare shi a salula mafi araha a bakin titi. Da ni ne, ba zan saki na farko ba sai na biyar yana hannu. Wanda kuwa saurare kawai ya kawo shi, na karatu ya fi masa a kan babur da kasuwa da madafa, teyatur ya ajiye shi sai dare ya raba, da kunne biyu.

Yaran sun bi ta ukun. Ba maganata ce ta sa ba, yarinyar ce ta ce sau ɗaya a mako kawai za ta samu. Mahaƙin kuma sun ba wani dattijo mai gadi a unguwarsu, wanda ya yi haƙar rijiya ta gaske a ƙuruciyarsa, ya kuma gyara musu kalmomi uku tun a shafin farko. Rijiyar da suke ɗaukar sauti a ciki tano ce, wato gangar ruwa wayam, abin da ba ya wuyar samu a Zinder. Dattijon ya zura kai ciki ya yi magana, salula na baki. Daren jiya suka kawo kashi na biyu. Ana cikin saurare shayi na biyu ya tafaso ya zube kan garwashi, mai shayi bai ko waiwaya ba, ya ce, "Tsaya. Wancan karon talatin da tara ta tsaya ko da takwas?" Ƙanena ya ce da tara. Ya ce, "To kwana ɗaya aka yi, me ya kai ta talatin da bakwai?" Yaran suka dubi juna. Kuskure ne wurin ɗauka, su huɗu ba wanda ya lura. Sun tashi suna musu kan ko su gyara, ko su bar shi su nemo masa dalili a kashi na uku.